Idan Mota Ta Wuntsila: Yadda Ake Kare Kai da Wuya, Tun Daga Tasha Har Asibiti

Duk ta inda ka bi za ka fita daga Jos, sai ka gangara. Garin yana bisa tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, don haka ko Abuja ka nufa ta Hawan Kibo, ko Zariya ta Jengre da Saminaka, ko Bauchi ta Tilden Fulani da Toro, akwai inda mota za ta sunkuyar da kai, nauyinta ya riƙa ingiza ta, ga kwana a gaba, ga rami a gefe. A irin waɗannan wurare ne mota ke barin ƙafafunta ta koma birgima.

Na taɓa tsayawa a kan irin wannan hatsari da damina, a gangaren da ke bayan Riyom. Ƙaramar motar haya ce ta yi adungure ta kwanta a kan rufinta. Direba da wanda ke kusa da shi sun fito da ƙafafunsu, domin suna ɗaure da bel. Biyu daga cikin na baya kuwa a cikin ciyawa aka tsinto su. Ɗaya saurayi ne, idonsa biyu, yana magana, yana cewa ba ya jin ƙafafunsa. Kafin wani ya buɗe baki, mutum huɗu sun kama shi, biyu a hannu biyu a ƙafa, sun naɗe shi sun cusa a bayan wata mota. Har yau ina ganin yadda kansa ke reto. Duk wanda ya ɗauke shi ranar da zuciya ɗaya ya yi, taimako ya zo yi. Saboda wannan saurayin nake wannan rubutu.

Abin da ke raunata mutum idan mota na birgima

Karo bugu ɗaya ne, daga gaba ko daga gefe, kuma an gina gaban mota don ya shanye shi. Wuntsilawa kuwa bugu ne a kan bugu, daga gefe, daga sama, daga ɗaya gefen, kuma sau da yawa jakar iskar da ke cikin sitiyari ko motsi ba ta yi, tun da ba a daki gaban motar ba. A Amurka, inda ake bin diddigin lissafin haɗurra, wuntsilawa ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na haɗurran mota ba, amma ita ke cin kusan kashi ɗaya cikin uku na rayukan da ake rasawa a cikin ƙananan motoci.

Mafi muni shi ne mota ta wurgo mutum waje. Gilashin gefe yana tarwatsewa tun juyin farko, wanda ba ya ɗaure sai ya bi ta tagar, ya daki kwalta ko dutse da kai, wani lokaci motar ta biyo shi ta danne. Akwai kuma rabin fita: hannu ko kai ya leƙa waje, motar ta kwanta a kansa. Daga nan ake samun hannun da aka saluɓe wa fata da nama, wanda ƙarshensa yankewa.

Na biyu shi ne haɗuwar kai da rufi. Lokacin da motar ta juye, jiki yana gangarowa da dukan nauyinsa a kan ƙoƙon kai, rufin kuma yana lotsowa ciki. Wuya ne a tsakani. Ƙasusuwan wuya guda bakwai ne, laka ta ratsa ta tsakiyarsu, kuma idan suka goce suka datse ta, hannu da ƙafa su mutu, wani sa'in har numfashi.

Sauran biyun mutane ba su cika kawo su a rai ba. Fasinjan baya da bai ɗaura bel ba, shi kansa ya zama buhu mai kilo sittin ko saba'in yana yawo a cikin mota, yana dukan waɗanda suka ɗaura. Sai kaya: jak, tukunyar gas, ƙaramin janareta, akwatin ƙarfe, har kwalbar lemo.

Akwai maganar da ake yi a tasha, wai gara mota ta jefo ka waje da ta matse ka a ciki. Wanda ya faɗi haka labarin mutum ɗaya ya ji da ya faɗa kan taushin gona ya tashi. Sauran ba su dawo sun ba da nasu labarin ba. Wasu kuma su ce idan kwana ya ƙare ba bel ɗin da zai hana. Gaskiya ne, rai na Allah ne. Amma ba kowa ke mutuwa ba. Je ka ɗakin masu karayar ƙashin baya ka ga samari da aka shekara ana juya su a gado, ana kwashe musu bayan gida. Wannan kwanciyar ce ake roƙonka ka guje wa.

Mataki na farko: duba motar kafin ka shiga

Ajiye jarka cike da ruwa a tsaye ka ture ta, sannan ka kwantar da ita ka sake turewa. Bambancin da ka gani shi ne tsakanin doguwar mota da gajera. Jif, Hilux da bas sun fi ƙaramar mota saurin kifewa saboda nauyinsu yana sama. Duk buhun da aka ɗora a saman mota kuma ƙara miƙar da jarkar ake yi. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta yi gargaɗi tun 2001 cewa bas mai cin mutum 15, idan ya ɗauki goma ko fiye, yawan kifewarsa yana kusan ninkawa uku. To ina ga namu da ake cika shi maƙil, a ɗaure buhunan dankalin Turawa da kabeji daga Farin Gada a sama, but a buɗe an ja shi da igiya? Idan ka isa tasha ka ga bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga, ka haƙura ka jira ta gaba. Idan motarka ce, kaya masu nauyi su shiga but, a ƙasa, a matse su zuwa jikin kujera, a ɗaure.

Daga nan sai taya, kuma a nan zan daɗe, domin fashewar taya tana cikin ƙofofin da wuntsilawa ke shigowa. A jikin kowace taya akwai rubutun DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, shi ya sa tayar gwanjo mai kyan zane za ta iya zama gawa. Jami'an kiyaye haɗurra na ƙasar nan shekara huɗu suke ba taya daga ranar da aka yi ta. Ka shafa gefenta: idan akwai ƙari ya kumburo, ko tsattsagewa kamar faso, ta gama aiki. Zurfin zanenta kada ya gaza milimita 1.6. Wannan ba matsalar talaka kaɗai ba ce. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi kusan miliyan 6.5 a Amurka, bayan da bayansu ya riƙa ɓarewa ana cikin gudu, jif-jif ƙirar Ford Explorer suna ta kifewa da mutane.

Iska kuma ba yadda mai faci ya ga dama ba ce. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda manne da ke faɗin adadin da motar ke so. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da ake so a zuba ba. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke lanƙwashewa, ta ɗau zafi, ta fashe a doguwar tafiya. Idan kuɗin sababbi biyu kawai gare ka, sa su a baya, ko da kuwa gaba ce ke jan motar. Idan gaba ta kuɓuce kana da sitiyari a hannu, idan baya ta kuɓuce motar juyawa take ta ba hanya gefenta, daga nan kuwa sai birgima.

Mai shirin sayen mota ya tambayi na'urar ESC, wasu kamfanoni na kiranta ESP, VSC ko VSA. Ita ce ke taka birkin taya ɗaya-ɗaya da kanta idan mota ta fara zamewa. Ta bazu ne bayan da sabuwar Mercedes A-Class ta kife a wani gwajin kauce wa dabba a Suwidin a 1997. Amurka ta wajabta ta a motocin 2012 zuwa sama, Tarayyar Turai kuma a kan duk sababbin motoci daga 2014. Idan fitilarta ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa, a gyara, kada a bar makaniki ya cire ƙwan fitilar.

Mataki na biyu: yadda za ka zauna

Bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu wani injiniyan Volvo ne, Nils Bohlin, ya fito da shi a 1959, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota har da rabi. A Najeriya an fara kama mutane a kansa tun 2003. Sai dai mun mayar da shi abin nuna wa jami'ai: a rataya idan an hango su, a saki idan an wuce, na baya kuwa ko nemansa ba sa yi. Mota ba ta san gaba da baya ba idan ta tashi birgima.

Ga yadda ake ɗaura shi. Zauna bayanka ya manne da kujera. Ɓangaren ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, ƙasa da cibiya, ba a kan tumbi ba. Na sama ya bi tsakiyar kafaɗa ya ratsa ƙirji, kada ya goge wuya, kada ya bi ta hamata, kada a jefa shi baya. Sannan ka ja shi ya matse, domin sakakken bel yana barin kai ya isa rufi. A sanyin Disamba da Janairu da muke jibga rigunan sanyi, buɗe gaban rigar bel ya zauna a jiki. Kada ka kwantar da kujera sosai don barci, jiki na iya zamewa ya fice ta ƙarƙashin bel ɗin. Kada ka ɗora ƙafa a gaban mota. Gwiwar hannu ta dawo ciki, wannan har da direbobin da ke son rataya hannu a taga.

Mai juna biyu ita ma ta ɗaura: na ƙasa ya bi ƙarƙashin cikin, na sama ya bi tsakanin ƙirji ya kauce wa cikin ta gefe. Abin da ya fi kare ɗan da ke ciki shi ne uwar ta tsira.

Yara ƙasa da shekara 12 baya za su zauna. Yaro a cinya shi ne ya fi kowa shiga haɗari, domin ba hannun uwar da ke iya riƙe shi idan mota ta juya, komai son da take masa. Kada kuma a haɗa uwa da ɗa a bel ɗaya, nauyinta zai matse shi. Mai mota ya sayi kujerar yara kamar yadda yake sayen batir.

A motar haya, laluba tsakanin kujeru, sau da yawa bel ɗin na nan an tura shi ƙasa. Idan ana sa mutum biyu a kujerar gaba kuma kana da hali, biya kuɗin biyun. Idan gudun ya yi yawa, yi magana cikin ladabi: “Malam direba, don Allah a rage wuta, akwai yara a motar.” Da wuya ka faɗa ba a samu wata Hajiya a baya ta ce gaskiya ne ba.

Mataki na uku: tuƙin da ke hana wuntsilawa

Yawancin motocin da ke wuntsila ba haka kawai suke tashi ba, tuntuɓe suke yi. Motar tana zamewa a gicciye, tayoyinta su ci karo da bakin kwalta, ko kwalbati, ko su nutse a ƙasa mai taushi, ƙasan motar ya tsaya, samanta ya wuce. Aikin direba shi ne kada ya bari motar ta ba hanya gefenta.

A gangara, tun kafin ka fara sauka ka rage gudu ka koma ƙaramar giya, ta uku ko ta biyu, injin ya riƙe motar. Mai otomatik ya ja zuwa 3, 2 ko L. Kada ka saka mota a firi don tsimin mai. Wanda ya sauko Hawan Kibo da ƙafa a kan birki tun daga sama, birkin zai yi zafi ya daina kamawa daidai inda ake buƙatarsa. Ka taka shi da ɗan ƙarfi, ka saki ya huce, ka sake. Gudu kuma kafin kwana ake rage shi, ba a tsakiyarta ba. Dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, amma wannan lissafin busasshiyar kwalta ne da rana tsaka. Ranar hazo ko ruwan Agusta, idonka ne ma'auni.

Idan tayoyin gefe suka sauka daga kwalta, a nan ake rasa mutane da yawa. Bakin kwaltarmu a wurare da dama ya zaizaye ya zama kamar dakali. Zuciya za ta ce fizgo sitiyari ka dawo. Kada ka bi ta. Riƙe sitiyari da hannu biyu, miƙe yadda kake, ɗaga ƙafa daga totur, bari gudu ya mutu da kansa. Sai motar ta dawo tafiyar hawainiya, ka duba madubi, sannan ka hau kwaltar a hankali. Wanda ya fizgo da gudu, tayar na hawa motar za ta yi tsalle zuwa ɗaya hannun, ya sake fizgowa, a fizga ta biyu take kifewa.

Haka idan taya ta fashe: kada ka daki birki. Riƙe sitiyari gam, miƙe, saki totur sannu a hankali, sai gudu ya ragu ƙwarai ka taɓa birki ka gangara gefe. Idan akuya ko kare ya gitta kana gudu, taka birki a miƙe, kada ka kauce da ƙarfi. Ana biyan kuɗin akuya.

Sai gyangyaɗi. Wanda ya baro Abuja bayan la'asar da gajiyar aiki, yana isa hawa ne da dare, lokacin da ido ya yi nauyi. Goro da buɗe taga ba sa maganin barci. Tsaya a Keffi ko Akwanga, inda akwai mutane, ka runtsa.

Mataki na huɗu: lokacin da take birgima

Daƙiƙu kaɗan ne, kuma abin da za ka iya yi bai da yawa. Idan ka ji ta ɗaga ta wuce inda za ta dawo, cire ƙafa daga birki da totur ka dafe ƙasan motar da su, tura bayanka cikin kujera, ka nutse ƙasa gwargwadon iko, nesa da rufi da taga. Fasinja ya rungume ƙirjinsa ya kama bel ɗin. Kada ka kama bakin taga ko rufi ta waje. Kada ka buɗe ƙofa don ka yi tsalle. Yi salatinka hannuwanka na jikinka.

Mataki na biyar: ta tsaya, kana ciki

Kashe injin. Kada ka yi gaggawar cire bel, musamman idan kana rataye kai a ƙasa, domin akwai wanda ya tsira daga birgimar sannan ya karya wuya a wannan faɗowar. Tsaya ka saurari jikinka. Motsa yatsun hannu da na ƙafa. Idan wuya ko baya na ciwo, ko kana jin wani sashe ya mutu ko yana tsikarinka kamar allura, kuma babu wuta, babu ruwa na shigowa, kana numfashi daidai, to kada ka motsa, kira a zo a taimake ka.

Idan lafiya kake, dafa rufin da hannu ɗaya da ƙarfi, tokare ƙafafu a gaban mota ko bayan kujera, sannan ka danna maɓallin bel da ɗaya hannun, ka sauko a kan hannu da kafaɗa, ba a kan kai ba. Idan motar a gefe ta kwanta, wanda ke sama ya tuna akwai mutum a ƙarƙashinsa, ya samu abin tokarewa kafin ya kwance. Idan ƙofa ta ƙi buɗuwa, gilashin gefe ake fasawa, a kusurwa, da abu mai tsini. Na gaba yana da leda a tsakiya, tsagewa yake yi ba ya zubewa. Farar ƙurar da jakar iska ke fitarwa ba gobara ba ce. Warin fetur mai ƙarfi ko harshen wuta kuwa, wannan fita ce ba jira. Da ka fita, ka bar kan titi, ka koma sama da motar, ba ƙasanta ba.

Mataki na shida: kai ne ka iske hatsarin

Ka fara da hanya. Ajiye motarka nesa, kunna fitilun gargaɗi, tura mutum biyu gaba da baya su kafa alamar nan mai kusurwa uku ko rassan ganye, da nisa sosai, musamman a gangara inda tirela ba ta iya tsayawa nan take. A kashe sigari. Mutum ɗaya ya kira 122, lambar kyauta ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ko 112, ya faɗi wurin da sunan ƙauye mafi kusa, da yawan waɗanda suka ji rauni. Wayar da ke hannunka ta wannan ce, ba ta ɗaukar hoton 'ya'yan mutane a cikin jini ba.

Kada a taru a birkice motar da mutane a ciki. Wannan sake yi musu wani hatsarin ne. A tokare ta da duwatsu ko sifiya don kada ta motsa. Tambayi duk wanda ke hayyacinsa su nawa ne a motar, a ƙirga, a bazu cikin ciyawa da rami ta inda motar ta biyo. Jariri na iya kasancewa can nesa, shiru. Wanda ke ihu yana numfashi, fara da wanda ya yi shiru.

Duk wanda aka fitar daga motar da ta wuntsila, ka ɗauka wuyansa a karye yake har sai asibiti ta ce a'a. Durƙusa ta saman kansa, sa tafin hannu biyu a gefen kunnuwansa, riƙe kan yadda ka same shi. Kada ka ja, kada ka murɗa, kada a sa masa matashi. Yi masa magana: “Ɗan'uwa, kada ka juya kai, amsa mini da baki. Ina ke maka ciwo?” Idan dattijuwa ce: “Mama, yi haƙuri ki kwanta yadda kike, muna tare da ke.” Wanda ya riƙe kai ba ya saki har sai an miƙa wa ma'aikatan lafiya.

Abu ɗaya ne ke gaban wuya, shi ne numfashi. Idan ya suma yana minshari ko kakari, sa yatsu a bayan muƙamuƙinsa ta gefe biyu ka turo haɓar gaba, ba tare da ka tanƙwara kan baya ba. Idan zai yi amai, a juya shi gefe gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya. Idan numfashi ya tsaya, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti.

Jini kuma dannewa ake yi. Ninka ɗankwali, rawani ko riga mai tsabta, danna kan ciwon da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. Idan ya jiƙe, ƙara wani a kai. Idan hannu ko ƙafa ce ke tsartuwa ta ƙi tsayawa, ɗaure sama da ciwon da ƙyalle mai faɗi, sa sanda ka murɗa har jinin ya tsaya, ka riƙe lokacin a ka don ka faɗa wa likita. Ƙarfe ko gilashin da ya nutse a jiki a bar shi a wurin. Kada a zuba man birki, fetur ko ƙasa a ciwo.

Sai al'adarmu ta ruwa. Da an ga mutum ya suma sai a sheƙa masa ruwa, a ɗura masa wani a baki. A bar wannan. Wanda ba ya hayyacinsa ruwan huhunsa zai tafi, wanda za a yi wa tiyata kuma ana son cikinsa wayam. Wanda ya zubar da jini sanyi abokin gabarsa ne, domin jinin da ya yi sanyi ba ya saurin daskarewa ya toshe ciwo. A iskar Filato, bargo ko babbar riga yake buƙata.

Mataki na bakwai: ɗauka da kaiwa asibiti

Idan motar asibiti ko ta jami'ai na tafe, a jira. Idan babu, a nemi abu mai faɗi da tauri: ƙyaure, katako, benci. Mutum huɗu aƙalla. Na kai shi ke ba da umarni, sauran su kama kafaɗa, ƙugu da ƙafafu, a mirgina shi gefe a tare, a tura katakon, a mayar da shi. A naɗe zane biyu a tokare kan ta gefe da gefe, a ɗaure goshi, ƙirji, ƙugu da ƙafafu a jikin katakon. Motar da za ta ɗauke shi ta zama wadda zai kwanta a miƙe: a-kori-kura, Hilux, ko bas da aka kwantar da kujerunsa. Ba babur ba, ba Keke ba, ba a zaune ba. Minti goman da za a ɓata neman katako ba asara ba ce.

Mai zubar da jini ko wahalar numfashi a kai shi asibiti mafi kusa a fara tsayar da abin. Raunin kai da na laka kuwa babban asibiti suke so: a Jos akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da Jankwano. Ta ɓangaren Abuja akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, da Babban Asibitin Ƙasa, da na koyarwa a Gwagwalada. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Ka gaya wa likita cewa mota ce ta wuntsila, ko mutumin yana ɗaure, ko a waje aka tsince shi, ko ya suma, da ƙarfe nawa abin ya faru. Wuya da gadon baya ba aikin mai ɗori ba ne, ko kusa. Ja da murɗawa su ne ke ƙarasa lakar da ta rage.

Wanda ya fito yana tafiya da ƙafarsa shi ma a duba shi ranar, kada a ce ya tafi gida ya sha maganin ciwon jiki. Jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai sannu a hankali, saifa ko hanta na iya tsagewa ba a ga komai a waje ba. Cikin kwana biyun farko kada ya kwana shi kaɗai. Idan aka ga amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake tashinsa da ƙyar, ruɗewar magana, farfaɗiya, ruwa ko jini ta hanci ko kunne, kasala a hannu ko ƙafa, ciwon ciki, jini a fitsari, jiri idan ya miƙe, ko shatar bel ta yi baƙi a cikinsa, a koma asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Mai juna biyu kuwa, ko ƙwarzane ba ta samu ba, a kai ta a duba ɗan.